Injin da Ya Sha Iska

Ni na fara ganin hayaƙin nan. Duk wanda ya ce maka ya riga ni, ƙarya yake yi, ko da hular hukuma ce a kansa.

Teburina yana daura da ƙofar kamfanin ƙanƙara. Taba nake sayarwa da ashana da alewa, amma kada ka ga tebur ka raina ni. Kafin in zauna a nan, a ɗakunan inji na ƙarar da ƙuruciyata. Inji ya cinye mini yatsu biyu, ya toshe mini kunnen hagu. Wani ma a gabana ya fashe, ya tafi da abokan aikina, ni na fito ina karkaɗe riga. Ban taɓa zama a aji ba, amma hayaƙi karanta shi nake yi. In baƙi ne, mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. In shuɗi ne, inji na cin baƙin mai. In kuwa fari ne, to ko ruwa ko iska ta shiga inda ba a gayyace ta ba.

Ran nan fari na gani, da rana tsaka, ma'aikata duk sun watse cin abinci. Kuma ba ta bututun da ke kan rufi yake fita ba. Ta ƙarƙashin kwano yake tsattsafowa, a hankali, kamar mai gudun a gan shi. Na ƙwala wa mai gadi kira. Ya ce, "Baba, ka fara ko?" Ya ci gaba da cin abincinsa.

Da ma'aikata suka dawo suka buɗe ɗakin inji, gawa suka tarar.

Abin da ya biyo baya, wani na gani da idona, sauran kuma Sajen 'yan sanda ne ya ba ni, don a wurina yake sayen taba.

Lokacin da Sufeto ya iso, an riga an kashe injin. Shirun da ya tarar ya fi ƙarar injin tsoratarwa. Kamfanin da ba ya taɓa yin shiru, yau babu abin da ake ji sai ɗigar ruwa daga ɗakin sanyi, inda ƙanƙara ta fara narkewa.

Sufeto mutum ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya saurin gaskata kowa. Ya tsaya a bakin ƙofa har idonsa ya saba da duhun ɗakin. Injin dizal ne babba, kore, ya kusa cika wurin, har yanzu yana huci. Warin hayaƙi ya kama bango. A ƙasa, kusa da gindin injin, babban makanikin kamfanin ne kwance ruf da ciki, da rauni a ƙeyarsa. Mai Kunne ake ce masa, don shi da kunne yake gane ciwon inji kafin ya ɗauki sifana.

Likitan 'yan sanda yana durƙushe a kansa.

Manajan kamfanin ya matso yana share gumi. "Yallaɓai, abin a fili yake. Dubi can." Ya nuna inda bututun hayaƙi ya rabu da injin. "An kwance mahaɗar, hayaƙi ya cika ɗaki, ƙofa a rufe. Jiri ya ɗebe shi, ya faɗi ya bugu."

Sufeto ya duba mahaɗar. Notunan da aka kwance ba a ƙasa suke a warwatse ba. An jera su a cikin murfin gwangwani, kowanne da washarsa, ɗan zoben ƙarfen da ake sa masa a ƙasa.

Ya dawo ya tsuguna, ya juya hannun mamacin. Tas yake, har ƙamshin sabulu yake yi. A kan benci ga kwanon abincinsa, ba a ko buɗe ba.

"Likita, me ka gani?"

Likita ya haska hancin mamacin da ƙaramar fitila, ya buɗe bakin ya leƙa. "Sai na kai shi asibiti zan tabbatar. Amma wanda ya shaƙi irin wannan hayaƙi, za ka ga baƙi a hancinsa da maƙogwaronsa. Wannan babu ko ɗigo."

"Wato?"

"Wato lokacin da hayaƙin ya zo, ya riga ya daina numfashi."

Sufeto ya saki hannun mamacin. Ya miƙe ya dubi Manaja, Manaja ya dubi ƙasa.

A ofis, Manaja ya kasa zama wuri ɗaya.

"Wa ke kula da injin kullum?" Sufeto ya tambaya.

"Mai jiran inji. Gyangyaɗi muke ce masa, don ƙarar inji barci take sa shi. Shi ne, Yallaɓai, ba sai ka wahala ba. Da safe sun yi cacar baki da marigayi, kowa ya ji. Yanzu kuma an neme shi an rasa. Ko takalmi bai tsaya ɗauka ba."

"A kan me suka yi faɗa?"

"Injin ne ya dame mu kwanan nan. Yana cikin aiki sai ya yi tari, ƙarfinsa ya ragu, ya mutu. Marigayi ya ce sakacin Gyangyaɗi ne."

"Mai fa? Yana shan dizal fiye da da?"

"A'a. Ko kusa."

Ya amsa da sauri, har ya yi yawa. Sufeto ya ajiye wannan a ransa.

"Yallaɓai, don girman Allah a bar mu mu tayar da inji. Ƙanƙarar nan in ta narke, mai kamfani ba zai saurare ni ba."

"Kada wanda ya taɓa shi."

"Amma..."

"Na ce kada wanda ya taɓa shi." Ya juya ga Saje. "Ku je tasha, ku je gidansa. Ku kawo mini shi da ransa da lafiyarsa."

Suna fitowa, sai ga wani mutum ya shigo da gudu, kwali a hannunsa. Rigar aikinsa fes, an goge ta har da kari. Da ya ga ana fitowa da gawa a lulluɓe, kwalin ya suɓuce masa, ya dafe bango.

"Ƙaramin makaniki ke nan," in ji Manaja. "Tsaf ake kiransa. Ƙanin matar marigayi ne, a hannunsa ya tashi."

Sufeto ya bar shi ya yi kukansa. Da ya lafa, ya ja shi zuwa ɗakin inji.

"Ina ka je?"

"Kasuwa, Yallaɓai. Yaya ne ya aike ni sayen filtar mai tun kafin a tashi cin abinci. Ga ta nan. Da na sani da ban tafi ba."

"Me ke damun injin?"

Tsaf ya share ido. Da aka zo maganar inji, muryarsa ta daidaita. "Iska yake sha. Injin dizal ba ya haɗa mai da iska a bututu ɗaya. Ko kaɗan ta shiga, sai famfo ya riƙa tura iska maimakon mai, inji ya mutu. Kuma ba zai sake tashi ba, ko batir zai ƙare, sai an fitar masa da ita."

"Yaya ake fitarwa?"

Ya nuna jerin ƙananan bututan ƙarfe a saman injin, kowanne ya ƙare a kan noti. "Waɗannan su ke kai mai ga nozul, masu fesa shi cikin inji. Sai ka sassauta noti, ka yi ta murza makulli, kumfa ta yi ta fita. In ka ga tsantsar mai ya fara feshi, ka ɗaure. Ka wuce na gaba."

Sufeto ya sunkuya. Notunan sun jiƙe da dizal, kuma a kan kowanne akwai ɗan layi da aka ja da farin alli. Bai tambaya ba. Ido kawai ya ɗauke.

"Ta ina iskar ke shiga?"

"Filta ce, Yallaɓai. Robarta ta mutu. Na faɗa wa Yaya tun farko."

"Wannan fa?" Sufeto ya taɓa wani guntun tiyo mai haske kamar gilashi, da aka sa a tsakanin bututun mai, can kusa da bango.

"Dabarar Yaya ce. In mai na wucewa, kana ganin kumfa ta ciki."

"Man daga ina yake tahowa?"

"Daga tanki, ta cikin bangon nan, ya bi ta tiyon, ya shiga filta."

"To," in ji Sufeto. "Je ka zauna a inuwa. Kada ka yi nisa, yayarka za ta buƙace ka."

Daga nan ne ya tsallako titi ya zo wurina. Na san zai zo. Duk mai hankali wurina yake ƙarewa.

A gefen teburina wata mata ce zaune a ƙasa, da tsohon ciki, ta rungume silifas na namiji a ƙirjinta. Matar Gyangyaɗi ce. Mai gadi ne ya miƙo mata su ta ƙofa, ya hana ta shiga.

Da ta ga kaki, ta yunƙura. "Yallaɓai, mijina ko kaza ba ya iya yankawa. Ni nake kai wa maƙwabta su yanka mana. Tsoro ne kawai, wallahi tsoro ne."

"Zauna, baiwar Allah," ya ce. Ya juyo gare ni. "Baba, an ce kai ka fara gani."

"An faɗa maka gaskiya, karo na farko yau."

Ya ɗan murmusa. "Kafin ka gani, me ka ji?"

Ka ji tambaya ta mai hankali. Na ce masa da aka tashi cin abinci injin ya yi tari ya mutu. Aka yi shiru mai tsawo, har na sayar da taba, na ba da canji, na kori kuda. Sai na ji ana murza makulli. A murza, a tsaya. A murza, a tsaya. Irin murzawar mai fitar da iska, ba ta mai gaggawa ba. Sannan ya kama, sannan farin hayaƙi.

"Wa ka gani ya fita ta ƙofar nan a lokacin?"

"Ma'aikata, tun da farko. Bayan hayaƙi kuma Gyangyaɗi, a guje, ƙafa ba takalmi."

Matar ta sunkuyar da kai.

"Ƙaramin makaniki fa?"

"Shigowarsa na gani ɗazu. Fitarsa ban gani ba. Amma akwai ƙaramar ƙofa ta baya, inda ake zubar da ruwa, ita ba na ganinta daga nan. Ni abin da ban gani ba, ba na cewa na gani."

Ya sayi ashana bai karɓi canji ba, ya koma.

Ba a daɗe ba Saje ya dawo da Gyangyaɗi a bayan mota. A tasha suka same shi, ya ɓuya a bayan buhuna, tafin ƙafarsa duk ya fashe. Ma'aikata suka taru suna zagi. Wani ya ɗauki dutse, Saje ya dube shi, ya ajiye.

A ɗakin ajiyar kaya Sufeto ya zaunar da shi.

"Ina kake lokacin da abin ya faru?"

"Na je cin abinci, Yallaɓai."

"A ina?"

"Wurin... wurin mai abinci."

"Ba takalmi?"

Gyangyaɗi ya dubi ƙafafunsa.

"Matarka tana waje, ta riƙe maka takalmanka. In ka sake yi mini ƙarya, za ta daɗe tana riƙe da su."

Sai ya fashe da magana. Ya ce da injin ya mutu, Mai Kunne ya kore shi, ya ce ya ba shi wuri. Shi kuma ya lallaɓa bayan ɗakin sanyi ya kwanta a kan kwali. Ƙarar inji ce ta ƙara masa nauyin barci. Da ya farka ya zo ya tura ƙofa, hayaƙi ya buge shi, ya hango ƙafafu a ƙasa.

"Na san ni za a ce. Da safe ya zage ni a gaban kowa, ni ma na mayar. Na ja ƙofar na rufe, na gudu. Ban san me ya sa na rufe ba, Yallaɓai."

"Ka iya fitar wa inji iska?"

"Na iya kaɗan-kaɗan, na gani ana yi. Amma ba a bari na. Marigayi ya ce ran da na taɓa masa noti, ran nan zan bar aiki."

"Allin da ke kan notunan fa?"

"Nasu ne, su makanikai. Ƙa'idar marigayi ce. Duk notin da ka ɗaure, ka ja masa alli, don kada ka manta wanda ka bari a sake. Da duka ya koya wa Tsaf. Ni ko allin ba ni da shi."

"Yana daɗewa a kai?"

"Ina fa. Da an sake sassautawa, mai ya yi feshi, ya wanke shi. Sai a ja sabo."

Sufeto ya jingina da bango. A can ciki ruwa yana ta ɗiga.

"Faɗa mini maganar tiyo mai haske."

"Ai shi ya hana marigayi sukuni. Da farko ya sa shi bayan filta, ya ga kumfa. Ya canja filta sabuwa dal, kumfa ba ta daina ba."

"Ya riga ya canja filta?"

"Shekaranjiya. Ai da guda biyu aka sayo, ɗayar na nan a kan kanta." Ya waiga ya nuna, sai ya tsaya. A kan kantar babu komai sai zanen inda kwali ya zauna a cikin ƙura. "Ɗazu da safe tana nan."

"Ci gaba."

"Sai ya riƙa matsar da tiyon baya, yana bin bututu. Kullum kumfa na nan. Yau ya kai shi bakin bango. Ya ce da ni, in har a nan ma akwai kumfa, to ɓarnar ba a ɗakinsa take ba."

"Amma in bututu ya huje, ba za a ga mai yana zuba ba?"

"Tankinmu a binne yake a ƙasa, Yallaɓai. Inji zuƙowa yake yi. In da huji, mai ba ya fita, iska ce ke shiga. Ba ɗigo, ba wari. Shi ya sa yake da wuyar kamawa."

Sufeto ya ce wa Saje ya ba shi ruwa, kuma kada a bar kowa ya shigo wurinsa.

Shi kaɗai ya zagaya bayan ɗakin inji. Lungu ne matsattse tsakanin bango da katanga, ruwan ƙanƙara na bi ta cikinsa zuwa ƙaramar ƙofar baya. An jibge tsofaffin durom a jikin bango. Ya bi bututun da ido daga murfin tanki har inda ya ɓace a bayansu.

Ƙasan durom ɗaya akwai sabon sawu na inda aka ja shi. Ya ture shi.

A nan aikin Mai Kunne ya ƙare. An yanka bututun an sa masa reshe, da ɗan ƙaramin bawul na buɗewa da rufewa, da guntun tiyo da ya bi ta ƙarƙashin katanga zuwa waje. Aiki ne mai kyau, na wanda ya san hannunsa. Sai dai bawul ɗin ya tsufa, kuma an naɗe shi tam da sabuwar roba, irin ta cikin taya.

Sufeto ya daɗe a tsugune yana kallonsa. Ya san wa ya yi. Amma alli kowa na iya saye, kuma kwalin filta ba ya magana a kotu. In ya tafi da abin da ke hannunsa yanzu, mutumin da ya gudu ba takalmi shi zai kwana a bayan kanta, wataƙila kuma ba zai sake fitowa ba.

Ya warware robar a hankali, ya sa a aljihu. Ya ɗan murɗa bawul ɗin kaɗan. Ya mayar da durom inda yake.

Da ya dawo tsakar kamfani, rana ta karkata. Ruwa ya malalo daga ɗakin sanyi har bakin ofis.

"Manaja, na gama. Mun sami mutuminmu. Ku tayar da injinku."

Manaja ya kusa rungume shi. Aka kira Tsaf. Ya mayar da bututun hayaƙi, ya ɗauko notunan daga murfin gwangwani ɗaya bayan ɗaya, bai ko tambayi inda suke ba. Aka buɗe ƙofa da taga. Ma'aikata suka yi cincirindo a waje.

Ya murza makulli. Injin ya kama, ɗakin ya ɗauki rawa. Manaja ya sauke ajiyar zuciya. Sai ga kumfa a cikin tiyo mai haske, ƙanana da farko, sannan manya. Injin ya yi tari, ya yi tari, ya mutu.

Tsaf ya dubi tiyon, ya dubi bango. Ya ɗauki sifana.

Ya sassauta noti na farko, ya murza, kumfa ta fita, mai ya yi feshi ya wanke farin layin. Ya ɗaure. Hannunsa ya tafi aljihun ƙirji da kansa, ya fito da guntun alli, ya ja layi. Ya wuce na gaba. Sufeto yana tsaye a bayansa, hannuwa a aljihu.

Injin ya sake kamawa. Ya sake mutuwa.

"Kai, wane irin aiki ne wannan?" in ji Manaja. "Da marigayi yana raye da tuni an wuce wurin."

Wani daga waje ya ce, "Gugar riga ya iya, ba gyara ba." Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan.

Gumi ya jiƙa rigar Tsaf. "Filta ce," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Wataƙila," in ji Sufeto. "Amma kada mu ɓata lokaci. Manaja, aika a kira makaniki daga waje. Ya fara daga tanki, ya bi bututun nan taku-taku har ya zo nan."

"Ba sai an kira kowa ba." Tsaf ya ajiye sifana a mazauninta. "Bari in ɗan zagaya, cikina ne ya murɗa. Ina dawowa zai tashi."

Ya ratsa mutane ya fita. Sufeto ya ƙirga numfashinsa kaɗan, ya yi wa Saje alama da ido.

Sun same shi a lungu, a durƙushe cikin ruwa. Bai ko ture durom ɗin ba. Hannu kawai ya zura ta bayansa har kafaɗa, fuskarsa na kallon katanga, kamar mai laluben abu a ɗakinsa cikin duhu.

"Wannan kake nema?" Sufeto ya fito da robar.

Tsaf bai motsa ba. Ruwa na bi ta gwiwoyinsa.

"Ni sai da na ture durom kafin in gan shi. Kai ko dubawa ba ka yi ba." Sufeto ya matso. "Likita ya ce yayanka ya mutu kafin hayaƙi. Wato bayan ya mutu wani ya fitar wa inji iska ya tayar da shi. Wanda ya yi haka ya ja alli a kan kowane noti. Mutum biyu ke jan alli a kamfanin nan. Ɗaya yana kwance a ƙasa a lokacin, da hannunsa a wanke."

Tsaf ya zaro hannunsa a hankali. Ya dubi yatsunsa. Farin alli na nan a jikinsu, ya cakuɗe da mai.

"Na ja alli?" ya ce.

"A kan kowanne."

"Ban san na ja ba." Ya yi wata irin dariya marar sauti. "Ya sha dukana a kan allin nan. Ya ce sai hannuna ya riƙa yi ba tare da ni ba."

Daga nan bai ɓoye komai ba. Ya ce ya daɗe yana zuƙar mai ta nan da ƙaramin famfon hannu, wani na karɓa a bayan katanga. Bawul ɗin ne ya ci amanarsa, ya fara shan iska. Yana ji yana gani yayansa ke matso da tiyo kullum, taku ɗaya kusa da shi. Yau ya iso.

"Da ya ga reshen, bai tambayi wa ya yi ba. Ya san ɗaurin hannuna. Ya dawo ɗaki ya ce mini, kafin a tashi aiki in je in faɗa wa Manaja da bakina, in kuma je gida in faɗa wa yayata. Na roƙe shi. Ya ce shi bai rene ɓarawo ba. Ya wanke hannu zai ci abinci, ya juya mini baya." Ya goge yatsunsa a jikin riga. "Babbar sifana na kan benci, da ita na buge shi, sannan na kwance bututun hayaƙi na tayar da inji. Na wanke ta, tana nan a rataye inda take zama."

"Ka san wa za a kama a madadinka?" in ji Sufeto.

Tsaf ya miƙo hannuwansa.

Saje ya sa masa ankwa. Da aka fito da shi ta tsakar kamfani, babu wanda ya zage shi, babu wanda ya ɗauki dutse. Hanya kawai suka buɗe. Sufeto ya tsaya a gaban Manaja.

"Ka ce mini mai ba ya raguwa."

"Yallaɓai, na ɗauka tsufan inji ne. Na ji tsoron mai kamfani."

"Gobe da safe ka zo ofis ka faɗi haka a rubuce."

Aka sako Gyangyaɗi. Ya fito yana ɗingishi, yana ƙifta ido. Matarsa ta tsallaka titi. Ta ajiye silifas ɗin a gabansa, ta jira ya sa, sannan ta zauna a bakin kwata ta rufe fuska da mayafi.

Motar 'yan sanda na fita, wata ƙaramar mota na shigowa. Matar Mai Kunne ce aka kawo. Ta hango ƙaninta a baya, ta ɗaga masa hannu, tana tsammanin rakiyar gawa zai yi. Shi ya sunkuyar da kai. Wannan da idona na gani, kuma ni da na ga inji ya raba mutum biyu, sai da na kau da fuska.

Ƙanƙarar ran nan duk ta narke. Injin bai tashi ba sai washegari, da aka cire reshen aka sa sabon bututu, kuma tun daga nan bai sake tari ba.

Yanzu kowa ya zama gwani. Mai gadi ma cewa yake shi ya fara jin wari. To, teburina yana nan inda yake, ban matsa ba. Duk mai shakka ya zo ya tsaya a gabana, ya juya wa kamfanin baya. In inji ya yi tari, ya faɗa mini launin hayaƙin da zai fito kafin ya waiga. In ya faɗa daidai, ya kwashe tabar nan duka, har da teburin.